Tambayi Anti: Waƙa a bakin gadon yaro mai ciwon daji

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda na ɗan taɓo zancen yara masu ciwon daji a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da ya bani mamaki yawancinsu ba akan kuɗin magani bane duk da nasan shi ke hana iyaye barci, akan jimla ɗaya ce tak da na yi cewa a wasu ƙasashen har ma'aikaci ake ɗauka ana biyansa albashi don ya riƙa yiwa yaran nan kiɗa da waƙa a asibiti. To ga waɗanda na zaɓo, wasu na rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar kullum.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ɗana shekararsa 6, wata huɗu kenan da aka ce yana da kansar jini, yau muna gida gobe muna asibiti. Abinda yafi damuna ba ƙarin ruwan bane, allurar bayan nan ce da ake masa, wallahi Anti tun daren ranar yake fara kuka, da safe in ya hango nas da tire sai ya ƙanƙame ƙarfen gado sai mutum uku sun danne shi, ni kuma fita nake in tsaya a baranda in toshe kunne don bazan iya ji ba. Rannan ƙanwata ta turo min wani bidiyo a Facebook wata baturiya da jita tana yiwa yaro waƙa ana masa allura ko motsi bai yi ba. Da gaske ne ko shiri ne irin na fim? In da gaske ne yana rage cutar? Mu kuma da bamu da baturiya mai jita ya zamu yi? (Wata uwa, Funtuwa)

Amsa: 'Yar uwa sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa ya baki ladan wahala. Bari na fara da tambayarki ta tsakiya don ita ce mai haɗari in aka fahimce ta a karkace. Waƙa bata kashe ƙwayar kansa ko guda ɗaya, bata rage ƙari, bata gyara jini. Allurar bayan nan da ya tsana kuwa tana cikin manyan abubuwan da ake ceton ransa da su, saboda ƙwayoyin kansar jini suna da wayon ɓuya cikin ruwan da ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, maganin da ake sawa ta jijiya kuma ba ya isa can yadda ya kamata, shi yasa dole a kai shi ta baya kai tsaye. Don haka duk kukan da zai yi kar tausayi yasa ki yarda a tsallake ko sau ɗaya.

Amma bidiyon ba lallai shiri bane, sana'a ce sukutum da ake karanta ta a jami'a. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne makaɗa suka riƙa shiga asibitocin sojojin Amurka suna yiwa waɗanda suka dawo da raunuka da firgici wasa, likitoci suka ga abin yana tasiri sai aka ce to a koyar da shi da ƙa'ida, jami'ar jihar Mishigan ta buɗe kwas na farko a 1944. A nahiyarmu ma jami'ar Piritoriya ta Afirka ta Kudu tana bada digiri na biyu a kai. Irin wannan ma'aikacin ba mawaƙin biki bane da zai zo ya rera ya tafi, yana duba fayil ɗin yaro, yana kallon numfashinsa yana daidaita saurin kiɗan da shi, ya san sanda zai yi shiru.

Abin da yafi kama da halin da kike ciki wani gwaji ne da aka yi a asibitin yara na Hanoi a ƙasar Biyetnam aka fitar da sakamakon a 2010. Yara 40 ne masu kansar jini, 'yan shekara 7 zuwa 12, dukkansu za a yi musu wannan allurar bayan. Kowa aka sa masa abin ji a kunne, rabi ana kunna musu waƙar da suka zaɓa da kansu rabi kuma ba komai a ciki. Waɗanda suka ji waƙa sun faɗi zafi ƙasa da na sauran, tsoronsu ya ragu, bugun zuciya da numfashinsu ma basu hau kamar na sauran ba. Kin ga babu baturiya babu jita a nan, abin ji ne kawai da waƙar da yaro yake so. Sai dai kar in cika miki baki, sanda masu tace binciken likitanci na Cochrane suka tattara gwaje-gwajen waƙa ga masu kansa a 2021 sun samu guda 81, bakwai ne kacal a cikinsu aka yi da yara. Wato abu ne mai taimako wanda ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa in an bi shi da hankali, a nan zan tsaya da yabonsa.

Ni dai abin da idona ya gani yafi zauna min. Akwai wani yaro lokacin ina aiki ɗakin yara, ba zai wuce sa'an naki ba, uwarsa daga ƙauye take ko boko bata yi ba balle ta san wani abu wai shi bincike. Da daddare in zafi ya hana shi barci sai ta kwanta gefensa ta ɗora goshinta a nasa tana masa wata waƙar da take yi in tana niƙa, ƙasa-ƙasa yadda na gadon kusa ma da kyar zai ji, shi kuma yana riƙe da babban yatsanta. Sai suka maida abin wasa, in ya matse yatsan dole ta tsaya cak ko da a tsakiyar kalma take, in ya saki ta ɗora daga inda ta tsaya, in ta yi kuskure ta wuce sai ya ce ta faɗi a sake daga farko. Ranar allurar baya muka kwantar da shi ta gefe muka naɗe shi gwiwa a ƙirji kamar yadda ake yi, ita ta durƙusa ta wajen fuskarsa ta miƙa masa yatsan ta fara. Ya yi kuka fa, kar ki ce na ce miki bai yi ba, amma kukan hawaye ne ba na fisge-fisge ba, sanda allurar ta shiga ya matse yatsan har sai da ta cije leɓe, waƙa ta tsaya, ɗakin yayi tsit, can sai ya saki da kansa ta ci gaba. Nas ɗaya ce ta riƙe shi ranar, likita kuma ya samu wurin tashi ɗaya maimakon ya yi ta lalube a bayan da ke motsi.

Na daɗe ina tunanin me ya faru a wurin. Ki duba tun ranar da aka kwantar da ɗanki komai yi masa ake, a soke shi, a juya shi, a ɗura masa, a tashe shi ƙarfe biyar na asuba a auna zafin jiki, babu wanda ya taɓa tambayarsa yana so ko baya so kuma ko ya ce baya so ba fasawa za a yi ba. Yatsan nan shi ne abu ɗaya a duk asibitin da in ya ce tsaya ake tsayawa. Ga kuma hankalin yaro da ba ya iya kama abu biyu da ƙarfi lokaci guda, in yana gadin kar uwarsa ta yi masa maguɗi a baiti to rabin hankalinsa ya bar bayansa. Sannan waƙa tana da ƙarshe kuma ya san inda ƙarshen yake, ba kamar "saura kaɗan" ɗin da muke ta faɗa musu ba wanda sun daɗe da gane ƙarya ce.

To abu na farko, ki daina fita baranda. Nasan da wuya, kuma in ɗan fari ne nasan akwai kunyar nan tamu ta kar a ga kina rawar jiki a kansa, ki ajiye ta a bakin ƙofa ki ɗauka in kin fito. Ki roƙi likitan ya barki ki zauna ta wajen fuskarsa, yawancinsu zasu yarda don su ma sauƙi ne a wurinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku fara wasan tun a gida ranar da yake jin daɗin jikinsa, shi zai zaɓi waƙar ko da ta tallar taliya ce a rediyo, kar ki ce wannan ba ta da ma'ana. Kar ki ce masa ba zafi, ki ce akwai zafi amma kafin mu kai ƙarshen waƙa sau biyu an gama. Kuma ki tambaya ko akwai man kashe zafi da ake shafawa a wurin kamar awa ɗaya kafin allura, ko maganin da ke sa yaro ɗan gyangyaɗi, waƙa ba ta zo don ta maye gurbin waɗannan ba, haƙƙinsa ne in akwai.

Wani ɗan gargaɗi. A 1978 wata mai bincike a Amurka, Ilene Bernstein, ta ba yara masu kansa wani sabon aiskirim dab da a sa musu kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, mai sa amai, bayan makonni da aka sake miƙa musu yawancinsu suka ƙi shi, ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaura shi da tashin zuciya. A kan abinci aka yi wannan, amma ni a nawa ganin gara a yi kaffa-kaffa, waƙar da yafi ƙauna ki barta don allura da dare, kar ki yi ta kunna masa ita a awannin da yake sheƙa amai.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Ɗiyata mai shekara 4 aka ce tana da daji a ƙoda, an turo mu Yamai muna nan wata biyu. Mai ɗakina ta ɗauki wata ɗabi'a ta kunna mata waƙe-waƙe a salula wai yana kwantar mata da hankali, ni kuma raina bai so ba, yarinya na tsakanin rai da mutuwa ai Alƙur'ani ya kamata ta ji ba kiɗa ba. Kuma mu a saninmu neman lafiya da kiɗa aikin 'yan bori ne. Har mun yi cacar baki a gaban yarinyar. Ki gaya min gaskiya. (Wani uba, Maraɗi)

Amsa: Malam Allah ya bata lafiya, kuma in sanyaya maka rai kaɗan, kansar ƙodar yara tana cikin waɗanda ake warkewa sosai in aka haɗa tiyata da kemo aka kuma kai ƙarshen magani, don haka kar ka riƙa kallonta kamar wadda ake jira.

Ni ba malama bace, fatawa ka nema wurin malamin da ka yarda da shi. Abin da kowa ya sani dai shi ne malamai sun yi saɓani tun da, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta akan kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, wasu irin su Ibn Hazm sun sassauta, ganga mai fuska ɗaya kuma an yi rangwame a kanta ranar idi da biki, hadisin 'yan matan nan biyu da ke waƙa a ɗakin Nana Aisha ranar idi yana cikin Bukhari da Muslim. Ban kawo wannan don in ce ka bar ra'ayinka ba.

Zancen bori ne nake so mu rabe. A bori ana kaɗa garaya ko goge ne don a kira iska, kowane iska da takensa da kirarinsa, kuma an yi imani shi ne zai sauka ya yi maganin. Mai ɗakinka ba ta kiran kowa, ba ta ce waƙa ce zata cire ƙarin ba, rarrashi take irin wanda mahaifiyarka ta yi maka kana goye tana jijjiga ka. Ibn Sina da kansa da yake bayanin renon jariri ya ambaci jijjigawa a hankali da waƙar sa barci a matsayin abubuwan da ke ƙarfafa shi. A garin Edirne na Turkiyya akwai asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na biyu ya gina aka gama a 1488, an tanadi wurin zaman makaɗa a ciki da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya don marasa lafiya su riƙa jin sautinta, yau gidan tarihi ne mutane na zuwa gani. Wato ba Turawa suka fara ba kuma ba daga bori aka aro ba.

In duk da haka zuciyarka bata kwanta da kayan kiɗa ba, to ai abin da ke aikin ba jita bane ba fiyano ba, murya ce da aka sani da kuma amo mai maimaituwa. Ga waƙoƙin Islamiyya na haddar sunayen Allah da watanni, ga Ishiriniya da sauran ƙasidu in gidanku ana yi, ga tafi, ga tatsuniya wadda dama rabinta waƙa ce, ka ce gatanan gatananku ka gani in 'yar shekara 4 bata ɗago kai ba. Alƙur'ani kuwa ba waƙa bane kuma bana sa shi a wannan layin, matsayinsa daban, a karanta mata a tofa mata, amma ni ban so a kunna shi a salula a ajiye ana ta hira a kai kamar rediyo. Kuma maimakon na salula me zai hana kai ka zauna ka karanta mata ƙananan surori da bakinka tana ja kana ja, muryar babanta tafi mata ta kowane ƙari'i. Cacar bakin nan dai ku fitar da ita waje don Allah, yara masu jinya suna da saurin ɗaukar cewa su ne sanadin duk wani ɓacin rai da suka gani a fuskar iyaye.

Tambaya: Anti ɗan yayana ne muƙamuƙinsa ya kumbura aka ce daji ne, an masa kemo zagaye biyu kumburin ya sace kamar ba a yi ba. Yanzu a wani guruf na WhatsApp an turo wani sauti na minti 40 wai Turawa sun gano yana narkar da ƙwayar kansa in ana saurara safe da yamma, ana tura kuɗi a baka cikakken. Yayana yace tunda yaro ya samu sauƙi gara mu koma gida mu ci gaba da wannan, kuɗi sun ƙare. (Wani matashi, Gusau)

Amsa: Ƙanena kar ku tura ko sisi, damfara ce, babu wani sauti da ake ji ta waya da ke narkar da kansa. Kuma ka zauna da yayanka yau ba gobe ba. Yadda ka kwatanta ciwon yayi kama da wanda ake kira Burkitt, sunan likitan da ya fara bayaninsa a Yuganda a 1958, yana yawa a yankunanmu masu zazzaɓin cizon sauro kuma yana son muƙamuƙi da ciki. Halinsa kenan, yana cikin mafi saurin girma a duk kansar ɗan Adam, yana kuma saurin sacewa da an fara magani, cikin kwanaki sai ka ga fuska ta dawo daidai iyaye su ce alhamdulillahi su naɗe tabarma. Tsugune bata ƙare ba, ragowar ƙwayoyin suna nan, in suka dawo kuma ba sa jin magani kamar farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace yara da matasa wajen 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara, a ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ba a kai 30 ba, kuma barin magani a tsakiya yana cikin manyan dalilan wannan tazarar. Maganar kuɗi gaskiya ce ban raina ta ba, amma ku faɗawa likitan ƙarara cewa kuɗi sun ƙare kafin ku yanke shawara, ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ku kai kuka masallacin unguwa da 'yan uwa. Ku dai kar ku sulale da daddare ba sallama.

Tambaya: Anti ƙanwata shekararta 15, kansar ƙashi ce aka yanke mata ƙafa daga gwiwa, gashinta duk ya zube. Da ita ce mai surutun gidanmu yanzu sai ta juya fuska bango da iyafis a kunne tun safe har dare, in ka yi mata magana tace ba komai. Umma tace a ƙwace wayar. Ni kuma ina ganin ita kaɗai ta rage mata. (Wata yaya, Jos)

Amsa: Ƙanwata ki ba Umma haƙuri kar a ƙwace. Budurwa 'yar 15 da ta rasa ƙafa da gashi a shekara ɗaya ba taurin kai take ba, makoki take, kuma tana ganin in ta buɗe baki zata ƙara muku nauyi ne shi yasa take cewa ba komai.

Sa'anninta wasan yatsa ba zai yi musu ba. Wata mai bincike a jami'ar Indiyana ta Amurka, Sheri Robb, ta jagoranci wani gwaji da aka fitar a 2014 da matasa 113 'yan shekara 11 zuwa 24 da ake yiwa dashen ɓargo, wanda yana cikin mafi wahalar jinyar kansa. Wasu aka basu littattafan saurare, wasu kuma aka haɗa su da ma'aikacin waƙa suka rubuta baitocinsu da kansu, suka ɗauki murya, suka haɗa da hotunan da suka zaɓa ya zama bidiyo, a ƙarshe suka nunawa 'yan uwa da abokai. Waɗanda suka yi bidiyon sun fi iya fuskantar jinyar, bayan kwana ɗari kuma sun fi jin kusanci da iyalansu da abokansu. Abin da bakinsu ya kasa faɗa wa uwa ido da ido sai ga shi ya fito a baiti.

Ke ba sai kin jira situdiyo ba. Ki zauna bakin gadon ki ce ta baki kunne ɗaya na iyafis ɗin, ki ji abin da take ji, kar ki yi sharhi kar ki ce wannan waƙar baƙin ciki ce canza. Kwana biyu uku haka. Daga baya ki kawo littafi da biro ki ce ku canzawa wata waƙar da take so baitoci ku sa naku, ki fara da shirme, ku zagi abincin asibiti da ƙarfen ƙarin ruwan nan mai ƙafa ɗaya gurguwa, in aka yi dariya sauran zai biyo da kansa. In ta rubuta abu mai nauyi kar ki gyara mata kar ki ce haba daina faɗin haka, kuma kar ki turawa kowa sai da izininta.

Abu biyu ki kula. Cikin magungunan da aka saba ba masu kansar ƙashi akwai cisplatin wanda yake iya taɓa ji, don haka ƙarar iyafis kar ta wuce kamar rabi da ɗan ɗori, ta riƙa hutar da kunnen, in tace tana jin ƙara kamar kukan gyare a kunne ko ta fara cewa me kika ce, a faɗawa likita kafin zagaye na gaba. Na biyu in ta daina cin abinci kwata-kwata ko ta fara zancen gara ta mutu, wannan ya wuce aikin waƙa, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ya ganta, ba hauka bane.

Tambaya: Anti mu ɗalibai ne mu takwas muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna so mu je ɗakin yara masu kansa da kalangu da sarewa mu faranta musu ranar 15 ga Fabrairu tunda ita ce ranarsu ta duniya. Me zamu tanada? (Wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Allah ya yi muku albarka ɗana, amma ku rage kaya. Ku fara zuwa wurin shugabar nas-nas ta ɗakin ku nemi izini tun da sauran makonni, ita ta san wa ke iya jin hayaniya wa aka yiwa tiyata jiya. Kemo yana karya garkuwar jiki har murar da kai zaka sha shayi ka warke ta iya kai yaro ga halaka, saboda haka mai tari ko mura ko ƙuraje ya zauna gida ko da shi ne shugaban ƙungiyar, sauran ku wanke hannu kafin kowane gado. Sarewa ku barta a hostel, duk abin da ake sawa a baki ba ya zagaya yara. Kalangu ma fata ne da tsirkiya ba ya gogewa da sipirit, ga ƙara, ɗakunanmu kuma a buɗe suke gado goma sha a jere, kana faranta wa na gado na uku wataƙila uwar na gado na tara tana karanta masa Yasin ne. Ku samo 'yan robobi masu murfi ku zuba tsakuwa ko shinkafa ku liƙe da kyau, kowane yaro nasa ya zama kacau-kacau ɗinsa ku bar masa in zaku tafi.

Ku rabu biyu-biyu ku bi gado-gado, ku durƙusa daidai tsayin yaro ku tambaye shi yana so, in yace a'a ku ce to mun gode ku wuce ba naci, kun ga wannan a'a ɗin ma kyauta ce kuka bashi don ba kasafai ake karɓar ta a wurinsa ba. Minti goma ya isa, suna saurin gajiya. Waya kuma ta zauna a aljihu, ba hoto ba bidiyon TikTok, yaron da kansa ya zama tal ba kayan neman mabiya bane. Ranar 15 ga Fabrairu zaku tarar da ɗakin cike da masu rabon biskit da masu kyamara, ni da zaku ji tawa da kun bar musu ranar kun zaɓi wata Laraba da la'asar, mutum biyu kawai, kuna zuwa duk bayan mako biyu har ku gama zangon karatu.